Neman rubutu a cikin littafi ɗaya tak: wace manhaja ce ta fi iyawa?

Duk manhajar ajiye rubutu tana da daɗin aiki a watannin farko, lokacin da abin da aka zuba mata bai taka kara ya karya ba, ido kaɗai ya isa ya gano abin da ake so. Wahalar tana zuwa ne bayan shekara biyu ko uku. Mai sayar da taki da iri a kasuwar Muda Lawal zai buga kalmar "buhu" a akwatin nema, sai waya ta zazzago masa bashin bana da na bara da kuɗin dako da masarar da ya saya wa gida, duk a cakuɗe, ga mai biyan bashi a tsaye yana jiran a faɗa masa abin da ya rage. Malamar da ke koyar da lissafi a azuzuwa uku za ta nemi "jarrabawa" ta samu ta kowane aji da kowane zango. Ɗalibin Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ya kai shekarar ƙarshe zai nemi kalma ɗaya saboda aikin bincikensa, sai darussan ajin farko su binne masa abin da yake nema.

Bukatarsu ɗaya ce: a ce wa manhaja ta duba littafi kaza kawai daga cikin littattafan da aka rarraba rubutu a cikinta, ta ƙyale sauran. Da littafin takarda ba a ma tunanin wannan, hannu ne ke zaro na bashin Azare daga kan kanta ya bar na Darazo a inda yake. Manhajojin waya da kwamfuta kuwa an gina su ne su tattara kalmomin duk abin da aka rubuta a fihirisa guda, don haka ko kana tsakiyar littafi ɗaya, da yawansu idan ka nemi kalma duk littattafan suke bi. Wannan sharhi ya auna manhajoji biyar a kan wannan aiki shi kaɗai: Joplin, OneNote, Evernote, Obsidian da Google Keep. Hukuncina shi ne wanda waya ce ofishinsa ya ɗauki Joplin, wanda kuma yake wuni a gaban kwamfutar Windows ya tsaya kan OneNote. Dalilan suna tafe, tare da wuraren da kowacce ke ba mutum kunya.

Joplin kyauta ce, kuma a buɗe take ga duk mai son ya duba yadda aka gina ta. Laurent Cozic ne ya ƙirƙiro ta, ta fito wa jama'a a 2017, ana samun ta a Android da iPhone da Windows da Mac da Linux. Rubuce-rubucen suna zaune ne a cikin wayar kanta, saboda haka nema ba ya cin data kuma ba ya jiran sabis. Ga wanda ke bin kasuwannin ƙauye a yankin Ningi ko Alkaleri, wannan kaɗai ya isa a ba ta fifiko.

Idan ka taɓa alamar nema a waya, ko ka danna F6 a kwamfuta, Joplin duk littattafanka take dubawa. Don ka killace ta, sai ka rubuta umarnin da hannunka a cikin akwatin neman, kamar haka:

notebook:BashiAzare taki

Kalmar farko dole ta zama da Turanci yadda take a nan, ko da sunan littafin Hausa ne. Sai ruwa biyu, sai sunan littafin manne da su ba tazara, sai tazara, sai kalmar da ake nema. Babban harafi ko ƙarami ba ya canza komai. Idan sunan littafin yana da tazara a tsakiya, sai an saka shi cikin alamar zance: notebook:"Bashin Azare". Wanda ya manta da alamar, manhaja za ta ɗauka sunan littafin "Bashin" ne, "Azare" kuma kalmar nema ce, ta dawo masa hannu rabbana.

Abin da ya sa na fifita Joplin a nan shi ne yadda umarnin ke bin rassa. A cikinta ana iya saka littafi a ƙarƙashin littafi. A ce akwai babban littafi mai suna Bashi, ƙarƙashinsa akwai Bashi2024 da Bashi2025. Idan ka rubuta notebook:Bashi za ta duba uwar da duk 'ya'yanta. Idan ba ka son na 2024 ya shigo, karan ɗori a gaban umarnin yana cire shi:

notebook:Bashi -notebook:Bashi2024 taki

Ana kuma iya ɗaure shi da kwanan wata. Mai taki da yake son bashin da aka karɓa daga faɗuwar daminar 2025 kawai zai ƙara created:20250601, wato shekara, wata, rana, a haɗe ba tazara, manhaja ta kawo abin da aka buɗe daga 1 ga Yuni zuwa gaba. Idan kuma kan rubutun kawai ake so a duba ban da cikinsa, akwai title:, wanda ke da amfani ƙwarai ga wanda ya saba sa sunan mai karɓar kaya a matsayin kan shafi. Tauraro ma yana aiki a sunan littafi: notebook:Bashi* zai kama duk littafin da sunansa ya fara da Bashi, ko ba a ƙarƙashin uwa ɗaya suke ba.

Akwai tarko a nan. Joplin da suna take gane littafi, ba da wurin da yake zaune ba. Idan kana da littafi mai suna 2025 ƙarƙashin Bashi, da wani 2025 ɗin ƙarƙashin Dako, to notebook:2025 zai haɗa maka su biyun, ka koma gidan jiya. Shi ya sa a misalin da ke sama aka ce Bashi2025, ba 2025 zalla ba.

Babbar matsalar da mai rubuta Hausa zai ci karo da ita a Joplin ba ta littafi ba ce, ta ƙarshen kalma ce. Neman da ta saba yi a kwamfuta cikakkiyar kalma yake kamawa. Ka nemi "buhu", ba za ta kawo maka shafin da aka rubuta "buhun masara" ba, domin a wurinta buhu daban, buhun daban. Hausa kuwa kusan kowane suna yana ɗaukar -n ko -r idan ya jingina da wani: kuɗi ya zama kuɗin, makaranta ta zama makarantar, gona ta zama gonar. Mutane da dama suna zaton manhajar ta ɓatar musu da rubutu, alhali wannan ne kawai. Maganinsa tauraro a ƙarshen kalma. buhu* zai kama buhu da buhun da buhuna da buhunan. makarant* zai kama makaranta, makarantar, makarantu, makarantun. ɗalib* ya haɗa ɗalibi da ɗaliba da ɗalibai. Ƙa'idar ita ce a yanke kalmar daidai inda tilo da jam'i suka rabu, kada a wuce nan. Wanda ya gajarta da yawa ya rubuta ta* yana neman taki, zai kwaso takarda da tafiya da tattasai. Akwai kuma jam'in da tauraro ba ya iya masa, irin akuya da awaki, ko sa da shanu. Nan sai any:1, wanda ke sa manhaja ta kawo shafin da ke ɗauke da ko wacce daga cikin kalmomin da aka jera: any:1 akuya* awaki*.

Idan tsakiyar kalma ake nema, ko wata alama wadda ba harafi ba, ana fara neman da sanda mai karkata, wato /, sai Joplin ta bar fihirisa ta bi rubutun kansa harafi bayan harafi. Yana aiki, amma a waya mai ƙaramin ƙarfi da rubutu mai yawa sai an yi haƙuri.

Aibinta a bayyane yake: buga umarni da babban yatsa a tsakiyar ciniki ba daɗi. Allon rubutun waya kan cusa tazara bayan ruwa biyu, ko ya "gyara" sunan littafin zuwa wata kalmar Turanci, kuma tazara ɗaya ta isa ta rusa umarnin. A iPhone akwai ƙarin damuwa, saitin da ke mayar da alamar zance miƙaƙƙiya zuwa lanƙwasasshiya, wadda manhaja ba lalle ta karɓe ta a matsayin umarni ba. Dabara mai sauƙi ga masu Gboard ita ce a rubuta umarnin da aka fi amfani da shi sau ɗaya, a kwafe shi, a maƙale shi a ma'ajiyar kwafe ta allon rubutun, daga nan taɓawa biyu ce. Aibi na biyu, Joplin ba ta ajiya a Google Drive, wanda shi ne kusan kowane mai Android yake da shi. Tana karɓar Dropbox, mai ba da 2GB kyauta, da OneDrive mai ba da 5GB, da Nextcloud da wasu. Rubutu zalla ba ya cin wuri, don haka ko wanne ya wadatar, hotunan rasit ne ke cika shi. Idan aka sauya waya, a bar manhajar a buɗe har ta gama sauko da komai kafin a yarda da sakamakon nema, domin abin da bai sauko ba ba za ta gan shi ba. Wanda ya kulle rubutunsa da kalmar sirri ta ɓoyewa kuma sai ya shigar da ita a sabuwar wayar, in ba haka ba shafukan suna nan amma nema ba ya karanta su.

OneNote ta Microsoft ita ce ta fi kowacce saukin wannan aiki, muddin a kan kwamfutar Windows ake. Ba a buga wani umarni. Ctrl da E suna buɗe akwatin nema a kusurwar dama ta sama. Kusa da shi akwai 'yar kibiya mai kallon ƙasa, idan aka danna ta za a ga zaɓi: "All Notebooks" duk littattafai ke nan, "This Notebook" littafin da kake ciki, "This Section Group" rukunin sassa, "This Section" sashe ɗaya, sai neman cikin shafin da ke buɗe, wanda Ctrl da F ma ke yi kai tsaye. Wanda ba ya son taɓa linzami zai danna Ctrl da E, sai Tab, sai maɓallin tazara, jerin ya buɗe. Bayan an yi nema, Alt da O suna kafe sakamakon a gefen allo, a riƙa bin shafukan ɗaya bayan ɗaya ba tare da jerin ya ɓace ba. Ga malamin da ya tsara littafi ɗaya ga kowace shekarar karatu, rukuni ga kowane aji, sashe ga kowane zango, wannan tsani ya yi daidai da aikinsa kamar don shi aka yi.

Ta kuma huce wa mai Hausa takaicin ƙarshen kalma, domin farkon kalma take bi: ka rubuta buhu, ta kawo buhun da buhuna ba tare da tauraro ba. Tsakiyar kalma ce ba ta kamawa.

A ƙasan wancan jerin akwai "Set This Scope as Default", wanda ke mayar da zaɓin da ka yi na dindindin. Yana da amfani ga ma'aikacin da littafi ɗaya yake buɗewa kullum, amma ina ba da shawarar a yi hattara da shi. Bayan wata biyu mutum ya manta ya taɓa saita shi, ya nemi takardar da ke wani littafin, OneNote ta ce babu, hankalinsa ya tashi a banza.

Abubuwa uku ne ke sa OneNote ta ƙi nuna abin da yake nan. Littafin da aka rufe ba ya shiga nema ko an zaɓi duk littattafai, sai an sake buɗe shi. Sashen da aka sa wa kalmar sirri shi ma ba ya shiga har sai an buɗe kullen. Na ukun ya fi wuyar ganewa: OneNote ta kwamfuta tana dogara ne da fihirisar Windows, idan fihirisar ta lalace ko ba ta gama ginuwa ba, nema zai riƙa tsallake shafuka. Gyaran yana cikin Control Panel, a shiga Indexing Options, sai Advanced, sai Rebuild. Aikin kan ɗauki sa'o'i a kwamfuta mai kaya da yawa, kuma Windows tana rage masa gudu idan ana amfani da kwamfutar, don haka a yi shi lokacin da wuta ta samu ko janareto ke kunne, a bar ta ta yi abinta. A lura kuma cewa Microsoft ta daina tallafa wa tsohuwar manhajar da ake kira OneNote for Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025. Matakan da aka bayyana a nan na ɗaya manhajar ne, wadda ke zuwa tare da Word da Excel kuma ake iya sauke ta kyauta. Kada a ɗauka za a tarar da wannan jerin zaɓi yadda yake a manhajar waya. Ƙarfin OneNote a wannan fanni a kwamfuta yake, shi ya sa ban ba wa ɗan kasuwa shawararta ba.

Evernote ta daɗe da irin waɗannan umarnai, kuma har yanzu nata suna da kyau. notebook:"Bashin Azare" taki yana aiki, a ƙa'idarta shi ake fara rubutawa kafin sauran kalmomi, kuma littafi ɗaya ake ambata a nema ɗaya. Idan an tara littattafai a dami guda, stack: yana duba damin gaba ɗaya. any: bayan sunan littafi yana kawo shafin da ke da ko wacce daga kalmomin, ba tare da an fita daga littafin ba. Ga wanda ba ya son bugawa akwai matata mai zaɓin "Located in". Sai dai kamfanin Bending Spoons na Italiya ya saye ta a farkon 2023, kuma daga 4 ga Disamba na shekarar aka taƙaita masu amfani da ita kyauta zuwa littafi ɗaya da rubutu 50. Mai littafi ɗaya ba shi da abin da zai killace. Wanda ya riga ya tara shekaru a cikinta kuma yana iya biyan kuɗin shekara zai ci gaba da jin daɗinta, amma ban ga dalilin da sabon shiga a Bauchi zai fara da ita ba.

Obsidian, wadda ta fito a 2020, ba ta san littafi ba, folda ta sani. Kowane rubutu fayil ne na rubutu zalla a cikin wayarka ko kwamfutarka, folda kuma ita ce littafin. Hanya mafi sauri ita ce a danna dama a kan foldar, a waya a danna a riƙe, a zaɓi "Search in folder", ita da kanta za ta rubuta umarnin:

path:"Bashi/2025/" taki

Saboda cikakkiyar hanyar foldar take bi, matsalar suna biyu iri ɗaya da ke damun Joplin ba ta taso ba. Amma wanda ya gajarta ya rubuta path:2025 zai kwaso duk fayil ɗin da 2025 ya fito a sunansa ko a wace folda yake. Nemanta yana kama ko wane yanki na kalma, farko ko tsakiya ko ƙarshe. Wannan alheri ne ga buhu da buhuna, amma ka nemi "sa" ka ga masara da kasa da sabulu sun cika allo. Ba ta karanta abin da ke cikin hoto ko PDF sai an ƙara mata wani abu, daidaita ta tsakanin waya da kwamfuta ta hanyar kamfanin kuma na kuɗi ne. Ga malamin jami'a ko ɗalibin digiri na biyu mai rubutu mai tsawo, ita ce ta fi ƙarfi a cikin biyar ɗin, kuma tana da wata baiwa da za a zo kanta yanzu. Ga mai shago ta yi nauyi.

Google Keep ba ta da littafi ko folda, lakabi kawai ake manna wa rubutu, kuma ba ya wuce 50. Idan aka taɓa akwatin nema za ta nuna lakaban, a zaɓi ɗaya, sannan a buga kalmar. Yana aiki, kuma babu abin koyo. Rauninsa shi ne rubutun da aka manta ba a sa masa lakabi ba ba ya cikin kowane rukuni, ba kuma a iya sa lakabi ƙarƙashin lakabi. Ta isa ga jerin cefane da lambobin asusu. Lissafin bashin shekara uku ya fi ƙarfinta.

Akwai abin da ya shafi dukansu, wanda umarnin killacewa ba ya warkarwa, wato haruffanmu masu ƙugiya. A tsarin da kwamfuta ke gane haruffa, ƙ ba k ba ce da aka yi wa ado, harafi ne mai zaman kansa da lambarsa daban, haka ɗ da ɓ. Wasu manhajojin suna haɗa su da takwarorinsu marasa ƙugiya lokacin nema, wasu ba sa yi. Mu kuma rubutunmu gauraye yake: yau an rubuta "kuɗi" da allon Hausa na Gboard, gobe an kwafo saƙon WhatsApp da aka rubuta "kudi". Kafin a zuba wa manhaja aikin shekara, a yi mata gwaji na minti biyu. A buɗe shafi a rubuta ƙasa, a buɗe wani a rubuta kasa, a ɗan jira, sannan a nemi kowacce. Idan nema ɗaya ya kawo shafukan biyu, an huta. Idan bai kawo ba, duk kalma mai ƙugiya sai an neme ta ta fuska biyu. A nan Obsidian ta yi zarra, domin tana karɓar tsarin nema na musamman tsakanin sanduna biyu masu karkata: /ku[dɗ]i/ yana kama kudi da kuɗi a bugu ɗaya, kuma ana iya haɗa shi da path: a layi guda.

Hamza ma haka take. Alamar da ke cikin ma'aikata da sana'a da jama'a iri biyu ce a kwamfuta, akwai miƙaƙƙiya da allon rubutu ke bugawa, akwai lanƙwasasshiya da Word ke sauyawa da kanta. A ido kusan ɗaya suke, a wurin manhaja haruffa biyu ne. Takardar da aka kwafo daga Word ko daga shafin jarida takan zo da lanƙwasasshiyar, mai nema kuma ya buga miƙaƙƙiya, su saɓa. Mafita ita ce a nemi ɓangaren da bai tsallaka hamzar ba, kamar sana* ko jama*. A Obsidian aya tana tsayawa a madadin ko wane harafi, don haka /ma.aikata/ ya kama duka biyun. Sai kuma bambancin da mu da kanmu muke jawowa: jarrabawa da jarabawa, Juma'a da Jumma'a, 15,000 da 15000 da dubu 15. Babu manhajar da za ta san abu ɗaya ake nufi. Wanda ke rubuta lissafi ya zaɓi salo ɗaya na rubuta kuɗi ya tsaya a kai, kuma lamba ba waƙafi ta fi sauƙin samu, domin neman da ke bin fihirisa yakan ɗauki waƙafi a matsayin rabuwar kalma.

Duk wannan yana komawa kan sunan da aka raɗa wa littafi tun ranar farko. Cikin rubutu a rubuta Hausa yadda ta dace, da ƙugiyarta da hamzarta. Sunan littafi kuwa umarni ne da za a riƙa bugawa sau da yawa cikin gaggawa, don haka ya zama gajere, ba tazara, ba hamza, ba ƙugiya, kuma kada wani littafin ya yi tarayya da shi: BashiAzare, DakoGombe, LissafiSS2. A guji sanda mai karkata irin ta 2024/2025 da makarantu suka saba rubutawa, domin Obsidian ba ta karɓar ta a sunan folda, OneNote ma ba ta karɓar ta a sunan littafi ko sashe. 2024-25 ya biya bukata.

Kada kuma a yawaita littattafan. Rubutu ɗaya a littafi ɗaya kawai yake iya zama, alama kuwa, wato lakabin da ake kira tag, ana iya manna masa goma. Saboda haka littafi na abin da ba ya cakuɗuwa ne, kamar shekara, ko reshen shago, ko aji. Abin da ke ratsa su, kamar nau'in kaya ko wanda bai biya ba, alama ce ta dace da shi. Manomin da ya karɓi taki da maganin feshi a rana ɗaya ba zai rabu gida biyu ba: shafinsa ya zauna a Bashi2025, a sa masa alamar taki da ta feshi da ta saura. Daga nan notebook:Bashi2025 tag:saura a Joplin ya fitar da duk waɗanda ake bi a wannan littafin ba tare da an buga sunan kowa ba. Wanda ya buɗe littafi ga kowane nau'in kaya zai wayi gari yana neman mutum ɗaya a wurare huɗu.

Haɗari na ƙarshe daga killacewar kanta yake fitowa. Idan nema a littafi ɗaya ya dawo babu komai, wannan bai nuna rubutun ba ya nan ba, ya nuna dai ba ya cikin wannan littafin. Rubutun gaggawa yakan faɗa inda ba a nufa ba: a OneNote akwai sashen Quick Notes da ke karɓar irinsu, Evernote tana da littafin da ta ɗauka na asali, a Joplin kuma sabon shafi yana shiga littafin da ke buɗe a lokacin, ko da na girke-girke ne. A harkar bashi wannan na iya sa a ce wa mutum bai biya ba alhali ya biya, ko a yafe abin da ba a yi niyya ba. Kafin a yanke magana da kowa, a cire umarnin littafin a sake neman a ko'ina, da tauraro a ƙarshen kalma. A Joplin ana iya juya umarnin ma, -notebook:Bashi taki*, ya nuna duk inda taki ya fito a wajen littafin bashi, a kwashe waɗanda suka ɓace hanya a mayar da su gidansu. Hanyar rage faruwar haka ita ce a ware littafi ɗaya mai suna Shigowa, duk abin gaggawa a jefa shi can da gangan, a sa rana ɗaya a mako, ko da yammacin Juma'a ne bayan an rufe shago, a rarraba abin da ya taru.